Gonar da Aka Saya wa Sama-da-Ƙasa

Duk unguwar babu wanda bai san gonar mahaifin Sama-da-Ƙasa ba, alhali kuwa babu mahaluƙin da ya taɓa sa ƙafa a cikinta. An san rafin da ya ratsa ta baya. An san bishiyar mangwaron da ke tsakiyarta, wadda 'ya'yanta ke faɗowa da kansu don nuna. An san saniyar nan mai farin goshi da ake tatsa har bokiti ya tumbatsa. Kai, har jakin gidan an sani, an kuma san yana tsoron gada. Duk daga bakin mutum ɗaya aka ji, aka yi ta ji har aka haddace, ta yadda idan tari ya sarƙe shi a tsakiyar labari mai aski ne ke ɗora masa.

Shi dai tsoho ne ɗan siriri, ya ba saba'in baya, mai tsaftar tsiya. Takalminsa kullum sai ka ga fuskarka a ciki. Idan aka yi ruwa ya tarar da laka a ƙofar gida, gara ya zagaya ta layin baya ko da zai makara. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya yi tambaya. Amma mutane ba sa kallo, saurare kawai suke yi, shi ma rabi-rabi.

Sunan a wurin aiki ya samo shi. Yana saurayi ya shigo gari a bayan motar albasa, daga shi sai rigar jikinsa. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wankin mota, ya yi shara a wani dogon bene na ofisoshi, har ranar da mai tuƙa liftar benen ya ce jiri ya ishe shi, ya ajiye aiki. Lifta ce irin ta da, ɗan ɗakin ƙarfe mai ƙofar raga da ake ja da hannu, ba ta hawa ba ta sauka sai da mutum a ciki yana sarrafa ta. Shugaban ma'aikata ya kira mai sharar nan ya nuna masa hannun da ake murɗawa, ya nuna masa wata 'yar kujera a kusurwa da ƙaramar fanka a samanta.

"A zaune ake yi?" in ji mai sharar.

"A zaune."

"A inuwa?"

"Ka ga rana a nan?"

"Kuma ƙarshen wata a biya ni?"

Shugaban ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauka taɓaɓɓe ne. Shi kuwa saura kaɗan ya fashe da kuka don daɗi. Aka ba shi kaki mai maɓallan tagulla da hula, ya hau kujerar nan, bai sauka ba sai da furfura ta cinye kansa. Yana kanta ya yi aure, yana kanta ya haifi 'ya'ya, yana kanta ya yi musu makaranta. Matarsa, wadda har yau ga jikoki ga furfura yake kira Amarya, ita ta ɗinka wa kujerar matashi, ya mutu ta ɗinka wani, shi ma ya mutu ta sake.

Abu ɗaya ne ya dame shi a aikin, wato shiru. Mutane su shigo su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya zuba wa takalminsa ido kamar an yi rasuwa. Shi kuma Allah bai halicce shi da rufe baki ba. Sai ya fara ba su labarin gida. To amma labarin lifta a aune yake, gwargwadon hawan mutum gwargwadon rabonsa. 'Yan matan da ke buga takardu a hawa na biyu, nasu jaki da gada. Akantocin tsakiya su sami saniya. Manajan da ke can ƙololuwa shi ke samun babban: yadda ake fita gona da sassafe, raɓa tana jiƙa ƙafa, ƙasa tana ƙamshi bayan ruwan farko, uwa ta biyo baya da gasasshiyar masara a ƙunshe da ɗuminta. Daidai nan lifta za ta tsaya, ya ja ƙofa ya ce, "Mun iso, ranka ya daɗe." Manaja ya fita yana ajiyar zuciya, yana cewa shi ma wata rana zai yar da wannan wahala ya koma gona.

Abin da ke biyo bayan raɓar nan, wato rana ta take, baya ya ƙage, hannu ya yi bororo, cinnaku su shiga wando, uba yana can ƙarshen kunya yana ƙwala kira, duk wannan lifta ba ta taɓa kaiwa gare shi ba. Benen ne bai kai tsawon labarin ba. Da an ƙara masa wasu hawa a sama, da tuni gaskiya ta fito.

Da aka kawo sabuwar lifta mai tuƙa kanta, har da muryar mace a ciki tana faɗin hawa, sai aka sallame shi da fensho da agogon bango. Amma baki ya riga ya saba da awo. A gida ko a waje, sai ya kai labari wurin daɗinsa ya yanke, ya bugi gwiwa, ya ja dogon numfashi ya ce, "Kai, gona! Allah sarki, gona." Numfashin nan na wanda ya tsira ne. 'Ya'yansa kuwa suka ɗauka na kewa ne.

A gidan babban ɗansa yake zaune, wanda kowa ke kira Injiniya, a ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Wannan taga ita ta zama ofishinsa bayan ritaya. Daga nan yake gaida mai burodi, ya yi wa masu babur faɗa, ya san wa ya sayi sabon firji, wa aka zo yanke wa wuta. Da hantsi ya sa takalmi ya taka zuwa shagon mai aski, inda yake da wurinsa a ƙarshen benci, daidai inda iskar fanka ke juyowa. Ga kati, ga rediyo, ga shayi, ga musu a kan ƙwallon da bai taɓa kallo ba. Ya murɗa famfo ruwa ya zo, ya danna bango wuta ta kama. In akwai mai son gari a duniyar nan, to bayan Sama-da-Ƙasa yake.

Wata ranar hutu Injiniya ya tara iyali a falo. Ga ƙanwarsa Auta, wadda ke aikin jinya a asibiti, ga suruka matar Injiniya, ga jikoki an yi musu wanka. Kowa yana murmushi irin na wanda ya ɓoye abu a baya. Injiniya ya gyara murya ya ce tun suna yara suke jin Baba yana kukan gona, sun ga yadda ya haƙura ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin akwatin ƙarfe don su yi karatu, yau dai Allah ya nufa su share masa hawaye. Sun haɗa ƙarfi sun saya masa gona. Tana can nesa da hayaniya, inda kwalta ta ƙare, da ɗan gida a ciki. Akwai rafi. Akwai mangwaro. Sun sha wahala kafin su sami saniya mai farin goshi, amma sun samu. Kafin damina ta sauka Baba zai tare.

Tsoho ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake buɗewa, da ƙyar ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Idonsa ya kawo ruwa. Auta ta gani ta fashe da kuka ta ce, "Ku duba Baba, daɗi ya hana shi magana." Falo ya rikice da koke-koke da rungume-rungume.

Abin haushin shi ne, a cikin mutanen nan duka, masu digiri da masu difloma, babu wanda ya taɓa zama ya ce, "Baba, kana so ka koma gona?" Tambaya ɗaya tal. Sun tambayi dillali, sun tambayi lauya, sun tambayi mai shanu, sun tambayi waya. Uban da za a ɗauka a kai daji ne kawai ba a tambaya ba, wai don kada a ɓata masa mamaki. Washegari ma suruka ta shigo ɗakinsa da abin awo tana gwada taga, tana cewa labule mai ruwan toka zai dace idan an mai da ɗakin na karatun yara. Yana zaune a bakin gado tana tsallake ƙafarsa.

Da ta fita ya jawo ƙofa ya juya wurin matarsa, tana ninke kaya.

"Amarya, kin ga abin da yaran nan suka yi mini?"

"Na gani, Malam. Ina taya ka murna."

"Ki bar wasa."

"Wane wasa? Ba kai ke kuka da gona ba? Ga ta nan Allah ya kawo. Ni dai ka sani likitan ƙafata a nan yake, ga jikoki. Zan riƙa leƙo ka in an sami mota."

"Ke ba za ki ba?"

"Ni na taɓa cewa Allah sarki gona? A bayan tashar mota aka haife ni."

Ya matso ya rage murya. "Ki gaya musu mana. Ke suna jin maganarki."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "In gaya musu me? In ce mutumin da ya cika mini kunne da raɓa tun ina da haƙora duka, ko tukunyar fure aka ce ya ba ruwa sai ya ce bayansa? Tun ranar da na ga ka hau kan gado saboda kaza ta shigo ɗaki na san irin manomin da na aura. Na yi shiru na rufa maka asiri. Bakinka ne ya saya maka gona, Malam, sai ka sa shi ya fitar da kai."

Ya gwada ta wajen gwiwa. Ya fara ɗingishi, yana dafa bango, yana nishi idan Injiniya na kusa. Auta ta ɗauke shi sai asibiti. Likita ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce shi bai ga gwiwa mai kyau irin wannan a jikin tsoho ba, kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Abin da take buƙata motsi ne da iska mai kyau. Auta ta ce ai kuwa gona zai koma. Likita ya miƙe ya ba shi hannu ya ce ya yi masa sha'awa.

A shagon mai aski abin ya fi muni. Labari ya riga shi isa. Ya tarar an haɗa masa kyauta: malafa sabuwa, da fartanya an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Kowa yana sa odar masara. Wani tsohon masinja, wanda ya daɗe yana haƙon ƙarshen bencin nan, har ya zauna a wurin yana gwada iska.

"Ai sai ka fara sabawa da rashin fanka," in ji masinja. "Can iskar Allah ce."

"Tashi mini daga wuri, ban tafi ba tukuna."

"Haba manomi, kai da za ka kwana a gindin mangwaro, me za ka yi da benci?"

Nan ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, an kwashe shi an kai daji, ba taga, ba benci, ba mai saurare sai saniya. In ya buɗe baki ya ce shi fa bai ƙi jinin komai ba kamar fartanya, to da wace fuska zai sake cewa "wata rana a gonarmu"? Mutumin da ba shi da gida nasa, ba shi da mota, abin da ya tara a duniya labaran nan ne.

Sai ya tuna da Yaya.

Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage masa a cikin waɗanda suka san gonar ta gaskiya. Ita ta zauna ta noma ta har mahaifinsu ya rasu aka sayar, ta yi aure ta ci gaba da noma a gidan miji, har ƙarfi ya ragu ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gari ya ajiye ta a saman bene, a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Ya same ta a baranda tana tona ƙasa a cikin tsofaffin gwangwanayen fenti, inda ta shuka barkono da albasa, surukarta kuma kullum tana mitar suna ɓata mata tayil.

"Wa nake gani kamar Ciwon-Ciki?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Sunan da take kiransa ke nan tun suna yara, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

"Yaya, a rage murya. Taimako na zo nema."

Ya zayyana mata komai. Abin da yake so ɗan kaɗan ne. Ran da za a je ganin gona a tafi da ita, ta duba ƙasar a gaban yara ta ce ba ta da kyau, jigawa ce, ko ciyawa ba za ta yi ba. Yara sun san ta san ƙasa, za su yarda, a sayar, kowa ya huta, shi kuma ya yi ta baƙin ciki a fili har shekara.

Ta ɗago ta kalle shi. "Gona suka saya maka. Kai."

"Ni fa, Yaya."

"Da rafi."

"Wai har da saniya."

Ta karkaɗe hannu ta ce, "Mu je mu gani."

Aka tafi a mota biyu. Kwalta ta ƙare, aka shiga hanyar da ta yi ta jijjiga su har hular tsoho ta faɗo. Da aka isa ya leƙa ta gilashi ya nemi busasshen wurin da zai sa takalmi, bai samu ba. Ga gonar shimfiɗe, ga ɗan gida mai rufin kwano, ga mangwaro, ga saniya a ɗaure tana kallonsu. Shiru ko'ina, irin shirun da ya gudu ya bari. Ya dubi Yaya ya ƙifta mata ido.

Ta sauka, ta tuɓe takalmi ta bar su a gefen taya. Ta taka har tsakiyar gona, ta durƙusa ba tare da ta dafa kowa ba, ta damƙi ƙasa ta murza, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Injiniya ya matso ya ce, "Gwaggo, yaya kika gani?"

Tsoho ya gyara fuska, ya shirya baƙin cikinsa.

"Wanda ya sayar muku da wannan," in ji ta, "ko dai yana cikin matsi ko ba shi da hankali. Ƙasar nan ko tsinke ka soka sai ya yi ganye."

Aka sa tafi. Sama-da-Ƙasa ya ji kamar lifta ta tsinke da shi. Kafin ya farfaɗo an ɗora masa malafa, an danƙa masa fartanya mai jan ƙyalle, wayoyi sun tashi sama, ana cewa Baba ya yi saran farko. Ya riƙe ƙotar. Hannu bai manta ba, abin takaicin ke nan, riƙon daidai yake. Ya sunkuya ya kai sara ɗaya, ƙasa ta fantsamo masa a takalmi. Yana cikin duban takalmin sai ya ji huci a ƙeyarsa. Wani jika ne ya kwance saniya ya jawo ta don a ɗauke su hoto tare.

Gwiwar da likita ya yaba ta nuna kanta. Kafin a ce wani abu tsoho ya yar da fartanya, ya tsallake kunya, ya faɗa mota ya rufe ƙofa har da danna makulli.

Auta ta ce, "Baba, ai mai farin goshi ce. Irin taku."

"Shi ya sa," in ji Gwaggo. Ta ɗauki fartanyar ta kwance jan ƙyallen ta yar. "Waccan ma haka suka yi da ita. Ya gaya muku ana tatsarta bokiti ya cika, ko? Ya gaya muku wa ke tatsar? Sau ɗaya Babanmu ya sa shi, ya je ta baya da hannu mai sanyi, ta shure shi ya faɗa cikin kashinta. Tun ranar ko kukanta ya ji sai ya canza hanya."

"To mangwaron fa?" in ji Injiniya, murya ta yi ƙasa.

"Mangwaro gaskiya ne, ya san shi reshe-reshe. A can sama yake ɓuya idan an fara noma. Rafi ma gaskiya ne. A aike shi ɗebo ruwa da hantsi, sai rana ta yi sanyi ya dawo da rabin tulu. Ran da babu wurin ɓuya kuma ya riƙe ciki ya kwanta a inuwa yana birgima, Inna ta yi ta jiƙa masa magani. Da masara ta gasu ciki ya warke. Ranar da ya bar gida, albasa aka ba shi ya raka mota kasuwa. Albasa ta isa, shi ma ya isa, har yau bai dawo da buhunan ba."

Amarya ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Tsoho ya sauke gilashi kaɗan.

"Yaya, ba haka muka yi da ke ba."

"Na ce maka mu je mu gani. Na gani." Ta juya wurin yaran. "Ku da kuka haddace labarin, in tambaye ku. An faɗi saniya, an faɗi jaki. Kunyoyin da yake gudu ya bari, an faɗi wanda ke ƙarasa su? A cikin labarin nan, ni ina nake?"

Shekara da shekaru mutumin nan yana hawa yana sauka da labarin gona, ya ba jaki wuri, ya ba raɓa wuri, yarinyar da ke noma rabonta ta noma nasa don kada uba ya dake shi ko sau ɗaya ba ta shiga lifta ba. Shi kansa sai yau ya lura. Ya sauke gilashin duka, ya cire malafar ya ɗora a cinya, ya rasa inda zai sa idonsa.

Injiniya ya zo ya dafa ƙofar motar. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa, ya sha wahalar neman saniyar nan.

"Baba, kana son zama a nan ko ba ka so?"

"Ɗana, in ka bar ni a nan, kafin masara ta fito kun yi zaman makokina."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Yau ka fara tambayata."

"Ni ma wa ya tambaye ni?" in ji Gwaggo daga tsakiyar gona. Ta riga ta ɗaure zane ta yi ɗamara. "An ɗauko ni an ajiye a saman bene kamar tsohuwar katifa, ina noma a gwangwani ana mini gorin tayil. Ku kira ɗana ku ce ya aiko mini da kayana da gwangwanayena. Ku nemo mini mai taya ni kwana da mai huɗa. Ragowar ku bar mini."

Auta ta fara cewa ai Gwaggo shekaru sun ja, ga hawan jini, ga nisa da asibiti. Gwaggo ta kai sara uku a jere, kowanne ya fi na ƙaninta zurfi, ta ɗago ta ce a auna ta yanzu a auna wancan na cikin mota, a ga wanda jininsa ya hau. Aka koma gefe aka yi ta waya da ɗan Gwaggo, ana ja ana saki, daga ƙarshe aka tsaya a kan za ta gwada damina ɗaya, Auta kuma za ta riƙa zuwa duba ta. Suruka ta tambaya a hankali ko maganar ɗakin karatu tana nan. Injiniya ya ce ta mayar da labulen.

Sama-da-Ƙasa ya ji iska ta dawo masa. Har ya fara tsara yadda zai faɗa a benci, cewa ya dubi girman Yaya ya sadaukar mata da gonarsa, don shi mutum ne mai zumunci. Yana cikin saƙa wannan sai ga fuskarta a taga, da gumi, da ƙasa a goshi.

"Ciwon-Ciki."

"Na'am, Yaya."

"Ka koma garinka, na yafe maka zama. Noman ne ban yafe ba. Duk Asabar yaron nan zai kawo ka da sassafe, ka ga raɓar da kake ba mutane labari. Kunya biyu za ka yi mini, ina tsaye a kanka."

"Yaya, gwiwata..."

"Na ga gudunta. Ka zo da takalmin da ba ka so."

Ta juya ta koma wurin saniya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, saniyar kuwa ta sunkuyar da kai kamar sun shekara tare. Ya bi ta da kallo. Bai taɓa ganin bayanta a miƙe haka ba tun da aka kawo ta gari.

"Ja mota," ya ce wa Injiniya. "Kunna sanyi."

Sai da suka hau kwalta, ya ga turakun wuta sun fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karkato wurin matarsa ya yi ƙasa da murya.

"Amarya, wai Asabar nawa ce a cikin damina?"

"Ban sani ba, Malam," in ji ta, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. "Amma kada ka damu. Yaya za ta ƙirga maka."